Sahun Ƙarshe na Ganuwar Talkume

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa ba da magirbi ba, ya ɗaga sama ba da azara ba. Ni Tunau ɗan Cindo, magini ɗan magini, mutumin Tudun Marke, ni ne na taka ƙasashe bakwai da ƙafata, na ga birnin da ya gagari maƙiya, na kuma ga ranar da ya ƙare. Yanzu na tsufa, hannuna ba ya ɗaukar tubali. Zan faɗi abin da na gani bisa tsarinsa, na farko a farko, na ƙarshe a ƙarshe. Inda na auna zan faɗi awon, inda ban auna ba zan ce ban auna ba.

Mu biyu mahaifinmu ya haifa, Yaya Nomau da ni. Nomau ya girme ni da shekara tara. Bahago ne, kuma duk ƙasarmu babu mai hannunsa a yaɓe. Idan ya shafi bango, yatsunsa kan bar wata alama mai lanƙwasa kamar bakin lauje, daga dama zuwa hagu, wadda ko cikin gida ɗari zan gane ta. Wata shekara fatake suka kawo labarin Talkume, birnin kasuwa a can ƙarshen gabas, mai ganuwar da ta haura shekara ɗari huɗu a tsaye. Tun daga ranar tuwo bai sake yi wa Nomau daɗi ba. Ya ce zai je ya koyo sirrin kwaɓinsu, ya dawo kafin damina biyu. Damina goma sha ɗaya ta wuce.

Da idanun Baba suka rufe, ya kira ni zaure, ya lalubo hannuna ya riƙe.

"Auta," ya ce, "ba neman sirrin kowa na aike ka ba. Laka dai laka ce. Ka je ka zo mini da ɗan'uwanka in shafa fuskarsa kafin a shafa tawa."

Na ɗauki gora da igiyar awo, na kama hanyar gabas.

Bayan kwana arba'in na shiga ƙasar da ba a taɓa yin ruwan sama ba, na iske Birnin Kantu, wanda ganuwarsa ta gishiri ce zalla, fara fat. Mutanen wurin ba su da maƙiyi mai takobi, maƙiyinsu harshe ne. Awaki da bareyi da raƙuman daji kan zo dubu-dubu su lashi ganuwar. Saboda haka duk baƙon da ya shigo sai a ɗaura masa sarƙa, a ba shi sanda da taku ɗari na bango, ya yi ta kora har ya mutu. Haka aka yi mini. A kwana na uku na lura dabbobin suna kauce wa wani yanki kusa da nawa. Na ja sarƙata na je, sai ga yaɓe ja-ja, ga alamar lauje daga dama zuwa hagu. Na lasa, ɗaci ya kama ni har maƙogwaro. Ɓawon maɗaci Nomau ya jiƙa ya shafe rabonsa.

Na tambayi shugaban masu tsaro. Ya yi tsaki ya ce, "Wani bahago ne ya yi mana, ya ce zai je ya ƙaro ɓawon. Shekara goma ke nan muna jiran ɗan banza."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai ni ƙanensa ne, shi ya aiko ni. Ɓawon yana nan jibge, bai dai san yawan da zai ishi ganuwarku ba. Sai na auno masa kewayenta daga waje."

Suka kwance ni, suka haɗa ni da wani ƙato. Na ba shi bakin igiyar awo na ce ya riƙe tamau, muddin yana jin ana ja, ina nan ina aiki. Na bi lanƙwasar bango har na ɓace masa, na ɗaura ɗaya bakin a ƙahon wani bunsuru da ke lasar gishiri yana fizgar kai. Ban san tsawon lokacin da ƙaton ya tsaya yana taya bunsuru awo ba.

Daga nan na ratsa dajin Zanzaraye, inda zanzaro ya kai girman rago, yana kama matafiya ya rufe su cikin ɗakin yumɓu don 'ya'yansa su ci. Ɗaya ya sure ni da hantsi, ya jefa ni cikin wani rumbu a jikin dutse, ya liƙe bakin. Ban yi ihu ba. Na shafa bangon a hankali, na samu gefen da rana ba ta duka, inda yumɓun bai gama kamawa ba. Na tsiyaya masa sauran ruwan gorata, na haƙa da farce har na ga haske. Da na fito, na ga rumbun da ke kusa da nawa yana da tsohuwar ɓula a daidai wannan gefen. Wanda ya fita ta cikinta ya tsaya ya gyara bakinta, ya shafe shi sumul. Na zauna a ƙasa na yi dariya har na yi hawaye. Babu mai tsayawa gyaran ramin da ya tsere ta cikinsa sai Nomau.

A wata na bakwai, ƙarshen rani, na hango Talkume. Tun daga tafiyar kwana biyu na ɗauka tsauni ne. Tsayin ganuwar gaba hamsin, na auna da inuwarta. A bisanta raƙuma uku masu kaya za su jera. Kogin Ilmas yana wucewa ta gindinta daga arewa. Ƙofa ɗaya ce, a cikinta ga shanu suna jan igiyoyi, ga wata dattijuwa mai murya kamar kakaki tana ba da umarni. Ita ce Uwar Igiya, sunanta Dambuwa. Da yake garin kasuwa ne, suna jin harshen fatake.

Na wuce ta zan shiga gari, ta damƙo rigata ta baya.

"Kai baƙo, fiffike gare ka?"

Na duba gabana. Babu hanya. Ƙofar ta ƙare a bakin rami, birnin yana can ƙasa, zurfin gaba talatin, gidaje da rumfuna kamar an zuba tsaba a gindin turmi.

"Shiga kwando," ta ce. "In kai matsoraci ne ka rufe ido, kada ka yi wa masu daddawa amai a ka. Wa kake nema?"

"Wani bahago, Nomau."

Ta sake ni, muryarta ta sauka. "Mai Kiran Sahu. Kai jininsa ne? To ka je, ɗana. Ko ya ci abinci saboda kai."

Aka zura ni. A ƙasa rana ba ta leƙowa sai tsakar rana, ta ɗan jima ta wuce. Bangayen gidaje sun yi gansakuka, kowa yana tari. Kasuwar tana da rumfa dubu, na ƙirga waɗanda ke da kaya ban kai ɗari biyu ba, domin fatake sun gaji da ganin ana zura dukiyarsu cikin rijiya. Ko'ina ramuka ne, ko'ina mutane suna haƙa.

Na same shi a bakin wani rami yana duba tubalan da aka shanya. Kansa ya yi fari, wuyansa ya zama kamar kara. Na yi sallama, bai ɗago ba.

"Malam, ɗauke ƙafarka daga kan tubalin mutane. Wa ya koya maka..." Sai ya ɗago. Ya daɗe yana kallona. "Auta? Kai ne ka yi gemu haka?"

Muka rungume juna. Na faɗa masa Baba ya makance, yana kiransa. Ya zauna a kan kwando ya rufe fuska. Da ya buɗe sai ya ce, "Zan bi ka. Amma sai an rufe sahun bana. Saura kwana ashirin. Zo ka ga abin da ya riƙe ni."

Muka hau kwando zuwa ƙofa, daga nan muka bi matakalar da ke cikin kaurin ganuwa. Kowane sahu taƙi ɗaya ne, kowane da launinsa. Nomau yana tafe yana taɓa su da hannun hagu yana kiran sunansu, kamar mai gaida dangi.

"Wannan na gindi shi ne Sahun Zawarawa. Can da Talkume fili ce, mahaɗar hanyoyi huɗu. Mahaya Kuraye suka zo ranar kasuwa suka kashe maza. Matan suka rasa abin yi da baƙin ciki, kowace ta haƙe daɓen ɗakin mijinta ta kwaɓa, suka kewaye garin. Da maharan suka dawo, kurayensu suka ƙi tsallake ƙasar. Tun daga nan duk wanda ya mutu, ana haƙe daɓen ɗakinsa a sa cikin sahun shekarar, a cika da ƙasar gari. In zoben ya haɗu, Mai Kira ya tsaya a bisa ya kira sunan shekarar da sunayen matattunta. Wanda ba a kira ba, kamar bai taɓa zama a Talkume ba."

Muka wuce Sahun Fara, da Sahun Tagwaye, da Sahun Amaren Kogi. A na tamanin da shida ya tsaya. Baƙi ne, an toshe shi da duwatsu.

"Sahun Gara. Shekarar nan aka yi ƙyuya, aka karɓi ƙasa daga hannun wasu baƙi masu jakai. Ashe maharan ne suka aiko su, sun cuɗa ta da ƙwan gara. Kafin kaka bangon ya rufta, suka shigo. Sau ɗaya ke nan aka ci garin. Daga ranar aka kafa doka: ƙasar waje ba ta hawa ganuwa. Ko tafi ɗaya."

"To, Yaya, sirrin kwaɓin fa?"

Ya yi murmushi. "Babu. Laka ce da ciyawa, irin ta gida. Ba sa fashi ne kawai."

A bisa muka tsaya, sahu na ɗari huɗu da goma sha biyu yana ɗanye a ƙarƙashin ƙafarmu. Na dubi waje, fili har iyakar gani, babu ko ƙurar mahayi. Na dubi ciki, rami.

"Yaushe rabon da a ga Mahaya Kuraye?"

"Shekara ɗari biyu. Mutanen gari sun ce ganuwa ce ta hana su zuwa." Ya rage murya. "Wani bafatake ya faɗa mini annoba ta share su tun zamanin kakan kakansa. Kada ka maimaita a ƙasa."

A gidansa na sauka, a unguwar da ta fi kowace zurfi. Ɗaki biyu ne. Ɗaya a share yake tsaf, daɓensa yana da shuɗi-shuɗi, ga tukwane a jere, ga tabarma ɗaya. Ya auri 'yar garin, Tilma, mariniya ce. Tari ya kashe ta wata biyar kafin zuwana. Ita ta yi daɓen da hannunta, ta kwaɓa shi da ruwan baba na rini. Duk gidajen da aka yi mutuwa a shekarar sun kai daɓensu, saura shi. An bar masa gurbi a bisa, faɗin kwando ɗaya.

"Gobe zan haƙa," ya ce. Haka ya ce washegari ma. Kullum sai ya shiga da magirbi, ya zauna a bakin tabarmar, ya fito da shi a bushe.

A kwana na shida na ga ruwa yana tsatsafowa a gindin ramukan haƙa. Mutane suka ce haka yake yi tun bara, ana kwashewa. Na tsuguna na ɗanɗana, ba ruwan rijiya ba ne. A wani ramin na ga 'yan kifaye irin waɗanda na gani a Ilmas. Na ari igiya a wurin Dambuwa na auna daga ƙofa zuwa fuskar kogi, na sake aunawa daga ƙofa zuwa gindin kasuwa. Sau uku na auna, don ina fatan na yi kuskure. Kasuwar tana ƙasa da gindin kogin da gaba goma sha takwas. Abin da ya raba su ɗan tsandauri ne, shi kuma suke sara kullum. Ga damina ta fara a tsaunukan arewa, kogi yana ƙaruwa.

Nomau ya kai ni gaban Magajin Ganuwa, wani dogon tsoho mai suna Bukutu, dattawa kewaye da shi. Ba mugu ba ne, ya saurare ni har na gama.

"To, baƙo, mene ne magani?"

"Allah ya ja zamaninka, maganin yana bisa kanku. Ku daina haƙa yau. Ku rushe sahu ɗari daga sama, ku mayar da ƙasar inda kuka ɗebo ta. Ganuwar da za ta saura gaba talatin da takwas ce, ko tsuntsu sai ya huta kafin ya haye ta."

Bukutu ya ce, "Da wanne za mu fara? Na sama akwai jikana. Na ƙarƙashinsa akwai uwar wannan da ke zaune. Zaɓar mana, ɗan baƙo. Uwar wa za mu jefo daga gaba tamanin, mu taka ta da ƙafa?"

"To ku ɗebo ƙasar waje ku cike ramukan. Ba ganuwa za ta hau ba."

"Abin da ke cikin gari yau, ganuwa zai hau baɗi."

Wani dattijo ya ce, "Haka masu jakai suka zo da daɗin baki."

Suka yi shawara har la'asar. Abin da suka yanke shi ne, ruwan maƙiyi ne da ya rasa hanya ta sama ya biyo ta ƙasa, kuma rashin nauyin ganuwa ne ya ba shi hanya. Saboda haka sahun bana za a ninka kaurinsa ya danne shi. Kowane gida ya haƙa ninki biyu.

Da muka fito na ce, "Yaya, kai magini ne, ka san gaskiya. Me ya sa ba ka yi magana ba?"

"Na yi bara. Sun ce baƙin ciki ne zai same ni, ga shi kuwa ya same ni." Ya yi tari. "Ka ƙara mini kwana kaɗan, Auta."

Kwana tara suka yi suna haƙa. A na goma, da hantsi, masu haƙa a tsakiyar kasuwa suka sari wani wuri, ƙasa ta yi nishi kamar saniya, ruwa ya taso tsayin giginya.

Abin da ya biyo baya ban auna shi ba. Na ga mata da tukwane suna kwasar kogi suna zubawa a wani ramin. Na ga maza sun ci gaba da cika kwandunan laka, ruwa a gwiwarsu, don an ce nauyi ne magani. Dambuwa ce kaɗai ta gane da wuri. Daga ƙofa muryarta take saukowa: "Ku zubar da lakar, ku shiga kwandon, 'ya'yan asara! Mutum nake ja yau!"

Nomau yana can wajen kasuwa yana ɗora tsofaffi cikin kwanduna. Na san ba zai hau ba sai da daɓen Tilma. Na ruga gidansa da magirbi, na tarar ruwa ya kai ƙirji a unguwar, ƙofar ɗakin ta nutse rabi. Tsoro ya kama ni, ba zan ɓoye ba. Na juya na shiga wani kango a kan tudu, na haƙe daɓensa na cika kwando. Na biya ta marina na yayyafa masa ruwan baba, na rufe da tabarma.

"Yaya, na hutar da kai. Ga na Tilma. Hau mu je ka rufe zoben, ka kira sunanta."

Ya dubi kwandon, ya dube ni, idanunsa suka cika. "Kai ka shiga ruwan nan saboda ita?"

"Hau, Yaya."

Muka hau, lakar ta biyo mu a ƙaramar igiya. A cikin ƙofa na ji iskar waje a fuskata, ga hanyar yamma a shimfiɗe, na ce a raina na gama aikin Baba. Muka bi matakala har bisa, inda Bukutu da waɗanda suka tsira suke tsaye. Nomau ya durƙusa a gaban gurbin, ya yaye tabarma, ya ɗebi ƙasar. Ya murza ta. Ya fasa wani dunƙule ya duba cikinsa. Shuɗin a baya kawai yake, cikin ja ne.

Bai yi fushi ba. Ya mayar da dunƙulen, ya goge hannu a riga.

"Ka yi dabara, Auta. Da ni ne ƙaton nan na Birnin Kantu, da ka wuce." Na taɓa ba shi labarin ƙaton da bunsurun, ya yi dariya har ya yi tari.

"Yaya, babu wanda zai sani. Ka sa ta, ka kira sunan, mu tafi. Baba yana jira."

"Daɓen wa ka haƙo?"

"Ban sani ba. Wani kango ne."

"To in sa baƙo a gurbinta, in kira sunanta a kansa, ita kuma in bar ta a ƙarƙashin ruwa? Wata biyar tana jira in haƙa, ina ce mata gobe."

Ya kama matakala, na bi shi ina roƙo. Na haɗa shi da Allah, na haɗa shi da nonon da muka sha. A ƙofa muka tarar manyan igiyoyi biyu sun tsinke, domin mutane sun yi musu yawa. Saura igiyar laka, siririya, wadda ba ta ɗaukar nauyi biyu. Na kama ƙugunsa. Duk ramewarsa ya ɓamɓare hannuna kamar na jariri.

Dambuwa ta tare shi. "Mai Kira, ba zan zura ka ba. Yau fitarwa nake yi."

"Iya, ke kika yi wa Tilma lalle ranar aurenmu."

Tsohuwar ta zage shi, ta zagi ganuwar, ta zagi wanda ya fara kwaɓa ta, sa'annan ta miƙa masa igiyar tana kuka. Ya sa ƙafa a cikin kwando.

"In na ja sau biyu, ku ɗaga," ya ce. "Riƙe da kyau, Auta. Kada ka ɗaura wa bunsuru."

Muka zura shi. Na kwanta a bakin ƙofa ina kallonsa ya zama ɗan ƙarami, ya sauka a kan wata rumfa, ya shiga ruwa yana iyo wajen unguwarsu, magirbi a ɗaure a bayansa. Rana ta leƙo ta wuce, ramin ya koma inuwa, ban ƙara iya rarrabe kan mutum da tulun da ke yawo ba. Ruwan ya rufe rumfuna, ya rufe soraye. Ni da Dambuwa muka riƙe igiya, sa ɗaya yana tsaye a bayanmu.

Wajen la'asar igiya ta motsa. Sau ɗaya. Sau biyu.

"Ja!" na yi ihu. Sa ɗin ya ja, na ji nauyi a tafin hannuna, nauyi sosai, na fara yi wa Allah godiya da ƙarfi. Ina ja ina kiran sunansa. Kwandon ya iso bakin ƙofa. Laka ce, cike har baki, shuɗiya ciki da waje. Ya danne samanta da hannu don kada ta zube.

Muka juye ta, muka mayar da kwandon da gudu. Muka jira. Muka ɗaga, ruwa ne kawai yake tsiyaya. Muka sake zurawa. Sau goma sha ɗaya muka zura. A na ƙarshe igiyar da ta rage a hannunmu ta fi wadda ta sauka, domin ruwan ya taso ya tarye ta. Dambuwa ta ɓamɓare yatsuna daga kanta ɗaya bayan ɗaya.

Na ɗauki lakar a ka na hau matakala. Na zuba ta a gurbin, na danna, na shafe. Ta cika shi daidai, ko tafi ɗaya bai ragu ba. Da ido ya auna tun daga ƙasa. Zoben ya haɗu.

Mutane suka juyo suna jiran a kira shekara. Bukutu ya buɗe baki, ya kai sahu na sittin ya kakare. Babu wanda ya haddace duka sai Nomau, kuma doka ba ta yarda a kira na sama ba sai an faro daga gindi. Suka tsaya cirko-cirko, su wajen ɗari uku daga birnin da ya taɓa ɗaukar dubu arba'in. Ni da ba ɗan gari ba, doka ba ta hau kaina ba, na ce da ƙarfi, "Tilma mariniya. Nomau ɗan Cindo, magini."

Kwana uku na zauna a bisa ina duban ruwa, bai ba ni gawarsa ba. Ya tsaya daidai da fuskar kogi, ya kwanta lumui. Ganuwar ko tsaga ba ta yi ba. Ranar da zan tafi na ji Bukutu yana tambayar dattawa ko akwai mai iya nutso, saboda ƙasar sahun baɗi.

Wata takwas na yi a hanyar komowa, na kauce wa daji, na kauce wa gishiri. Na tarar da Baba a zaure. Ya ji takuna, ya karkata kai yana sauraron na biyu. Na durƙusa na faɗa masa duka, ban rage ba, har da ƙaryar da na yi da kwandon kango.

"Shi ya shafe gurbin?"

"A'a, Baba. Ni na shafe."

"Da hannun dama."

"Da hannun dama, Baba."

Ya jinjina kai. "To, ko alamarsa babu a wurin ke nan."

Ya ce a kai shi ɗaki. Bai sake fitowa zaure ba har ya rasu.

Iyakar abin da idona ya gani ke nan, ban ƙara masa ba, ban rage ba. Wanda ya ji, ya yi wa magina biyu addu'a, na ƙarƙashin ƙasa da na ƙarƙashin ruwa. Na ukun yana nan tafe.